Ƙulli da Hatimi: Jaka a Rayuwar Ibraniyawan Dā

Kakata ba ta taɓa mallakar jakar hannu ba. Haɓar zanenta ce ma'ajinta. In za ta aike ni sayen daddawa sai ta ɗan juya gefe, ta sa haƙori ta sassauta ƙullin, ta zaro abin da take so, ta mayar ta ɗaure tamau, sannan ta soke a ƙugu. Ƙulli biyu ne a haɓar. Ɗaya na cefane, kullum cikin kwancewa da ɗaurewa yake. Ɗayan na ajiyar mutane ne, zubin adashi ko kuɗin wata maƙwabciya da ta ba ta amana, wannan kuwa ko da yunwa za a kwana ba a taɓa shi.

Ita ce ta faɗo mini a rai lokacin da na zauna ina bin wuraren da aka ambaci jaka a littattafan Ibraniyawa, wato Attaura da littattafan annabawa da na hikima, waɗanda Kirista ke kira Tsohon Alkawari. Mai karatu na yau in ya ga kalmar, abin da zai hango shi ne jakar ratayawa mai zif, ko walat ɗin da ake turawa a aljihun wando. Da wannan hoto a ka, ayoyi da dama sai su zama lami. Wanda ya taɓa kallon tsohuwa tana ƙulle kuɗi a zane ya fi kusa da gane su. A wurin mutanen nan jaka kayan lissafi ce. Abin da aka ƙulle an san adadinsa, an san mai shi, kuma akwai ranar da za a kwance a tambaya.

Abu biyu ne ba su da su, kuma sai an riƙe su a rai kafin sauran bayani ya zauna. Na farko aljihu. Suturarsu taguwa ce da mayafi da ɗamara, ba wanda ke ɗinka mata aljihu. Ƙaramin abu ana cusa shi a lanƙwasar riga ta saman ɗamara, daidai ƙirji, shi ya sa littafin Karin Magana ke zancen toshiyar da ake zarowa daga ƙirji. Babban kaya kuwa mayafi ne ke ɗaukarsa. Bo'aza ya ce wa Rut ta shimfiɗa nata, ya auna mata sha'ir awo shida ya aza mata. Daren da Bani Isra'ila suka bar Masar ma, kwaɓin gurasarsu bai kai ga tashi ba, suka naɗe akusan kwaɓin a mayafai suka saɓa a kafaɗa.

Na biyu, kuma shi ne babba, babu bugaggun kuɗi. A ƙasar Lidiya, yammacin Turkiyya ta yau, aka fara buga sulalla wajen ƙarshen ƙarni na 7 kafin Miladiyya, ba su kuma zama abin hannu a ƙasar Yahudiya ba sai zamanin mulkin Farisa. Ƙananan sulallan azurfa masu ɗauke da sunan lardin, Yehud, na ƙarni na 4 ne. Ke nan tun daga Annabi Ibrahim har zuwa Irmiya, in an ce kuɗi azurfa ake nufi, kalma ɗaya ce ma a Ibrananci, kesef. Azurfar kuma gutsattsari ce: karyayyen awarwaro, ɗan kunne, zobe, guntun da aka datsa daga dunƙule. Ba a ƙirga ta, auna ta ake yi. Shekel da muke ji sunan nauyi ne, giram 11 da ɗan ɗoriya, tushensa ɗaya da kalmar Larabcin nan ta cikin "misƙala zarratin". Littafin Farawa ya ce Ibrahim ya auna wa Efron shekel 400 don kogon da zai binne Saratu a Hebron. Irmiya ya auna 17 ya sayi gona a Anatot, alhali sojojin Babila sun yi wa Urushalima ƙawanya. Ga kuma baran Saul, Saul ɗin da Musulmi suka sani da Ɗalutu. Guzuri ya ƙare musu wajen neman wasu jakai da suka ɓace, suna son ganin annabin garin ba abin gaisuwa, sai baran ya ce akwai rubu'in shekel a hannunsa. Bai kai giram 3 ba, abin da in ya faɗi a rairayi sai an tankaɗe. Irin wannan dukiya dole a ƙulle ta.

Tunda ciniki awo ne, kowane falke yana yawo da ɗan sikelinsa na hannu da duwatsun awo. Duwatsu ne na gaske. Masu haƙar kayan tarihi sun tono ɗaruruwansu a ƙasar Yahudiya, na ƙarni na 8 da na 7 kafin Miladiyya, an sassaƙa su kamar rabin ƙwallo, ƙasansu a shafe, an zana adadin nauyin a samansu. Jakar da ake zuba su ita ce kis, kalmar da mai jin Larabci zai gane nan take. A kanta doka ta sauka a Maimaitawar Shari'a 25:13, kuma lafazin Ibranancin a taƙaice yake: kada a sami dutse da dutse a jakarka, babba da ƙarami.

A lura, dokar ba ta jira sai an kama mutum yana algus ba, mallakar dutsen ma ta hana. Hannun falke in ya shiga jaka shi kaɗai ya san abin da yatsunsa suka zaɓa. Duwatsu biyu ne masu siffa ɗaya da lamba ɗaya, ɗaya ya ɗara ɗaya da ɗan abin da ba a gani. In zai karɓi azurfa ya zaro mai nauyin, in zai biya ya zaro marar nauyin. Mukan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan ido ba shi da ta cewa. Annabi Amos, makiyayi daga Tekowa, ya kwatanta 'yan kasuwar zamaninsa da suke ƙosawa Asabar ta wuce su buɗe rumbu, su rage mudu su ƙara wa shekel nauyi. Talaka ya cutu sau biyu a ciniki ɗaya, hatsin da ya karɓa ya gaza, azurfar da ya bayar ta wuce. Wanda ya haddace Suratul Muɗaffifina ya san mutanen nan, su ne masu cikawa in za su karɓa, su tauye in za su bayar. Annabi Mika shi ma ya tambaya ko za a wanke mai mugun sikeli da jakar duwatsun yaudara.

Ayar da ta fi kama ni a nan ita ce Karin Magana 16:11, wadda ta ce duk duwatsun da ke cikin jaka aikin Ubangiji ne. Ba bagade aka ambata ba, ba hadaya ba, 'yar jakar fatar da ke rataye a ƙugun mai sayar da hatsi ce aka ce Allah na da hakki a cikinta. Malaman Yahudawa na baya sun ɗauki zancen da gaske har suka sa masa ƙa'ida a Mishna, kundin dokokinsu: mai kanti ya goge mudunsa sau biyu a mako, duwatsun awonsa sau ɗaya a mako, sikeli kuwa bayan kowane awo, don dauɗar da ke maƙalewa ita ma nauyi ce.

Ɗaya daga cikin duwatsun nan ma ya warware wata aya da ta daɗe tana ba masu fassara wahala. A 1 Sama'ila 13:21 ana ba da labarin lokacin da Filistiyawa suka hana Isra'ilawa maƙera, sai sun gangara wurinsu a wasa musu garma da gatari. A tsakiyar ayar akwai kalmar pim, wadda ba ta zo a wani wuri ba, aka yi ta cankar ma'anarta ƙarni bayan ƙarni. Sai a farkon ƙarni na 20 aka tono ƙananan duwatsun awo da wannan kalma rubuce a kansu, nauyinsu wajen kashi biyu cikin uku na shekel. Ashe ladan wasawa ake faɗi.

Kalmar da ta fi zurfi ita ce tseror, daga aikatau mai ma'anar ɗaurewa. Ba lallai ɗinkakkiyar jaka ba ce, ƙyalle ne a zuba abu a tattara bakinsa a ƙulle, irin na kakata. A Tel Dor, bakin Bahar Rum kudu da Haifa, an tono wani tulu da aka binne kimanin shekara 3,000 da suka wuce, cikinsa azurfa wajen kilo 8 da rabi. Ba a warwatse take ba. An raba ta ƙulli 17 a ƙyallen lilin, kowanne kusan rabin kilo, an liƙa yumɓu a ɗaurin an danna hatimi. Amfanin haka a fili yake. In an auna sau ɗaya an rufe, muddin hatimin na nan kuma an yarda da mai shi, ba sai an sake fito da sikeli ba. Shi ya sa wasu masana ke kallon hatimtaccen ƙulli a matsayin matakin da ya gabaci sulai, domin sulai ba komai ba ne illa hatimin da ya tashi daga yumɓu ya koma jikin ƙarfen.

Haka aka yi a Haikalin Urushalima zamanin Sarki Yowash. Ya kai shekara 23 a kan gado ba a gyara tsagogin ginin ba, kuɗi na shiga hannun firistoci, aiki shiru. Sai babban firist Yehoyada ya ɗauko akwati ya huda murfinsa ya ajiye kusa da bagade, asusu ke nan. In ya cika, magatakardan sarki da babban firist su zo tare, su ƙulle azurfar su lissafa, sannan a miƙa wa masu kula da aiki su biya magina da masassaƙa. Mutum biyu, ɗaya daga fada ɗaya daga Haikali, ba wanda ke buɗewa shi kaɗai. Duk kwamitin masallaci ko na coci da ya taɓa shan rigimar kuɗin gini zai ga hikimar wannan. Nassin ya ƙara da cewa su masu kula da aikin ba a nemi lissafi daga gare su ba, don an san su da amana.

Mu ma muna da sawun irin wannan a bakinmu. A zamanin wuri ana ɗura 20,000 a keso a ɗinke, a yi ciniki da shi a haka. Da Turawa suka kawo sulalla sai fam 100 ya zama jaka guda, da aka koma naira a 1973 jaka ta zama naira 200. Yau yaro na cewa "jaka biyar" bai taɓa ganin jakar ba. Sunan mazubi ya zama sunan adadi, don an saba abin da ke ciki ƙirgagge ne.

Labarin Na'aman ya nuna nauyin abin a zahiri. Sarkin yaƙin Suriya ne, kuturta ta kama shi, ya warke a hannun Annabi Elisha, wato Alyasa'u, bayan ya nutsa sau bakwai a Kogin Urdun. Ya kawo tukuici, annabin ya ƙi karɓa. Baran annabin, Gehazi, ya bi shi a guje ya shirga ƙarya, ya roƙi talanti ɗaya na azurfa da tufafi biyu. Na'aman ya matsa masa ya karɓi biyu, ya ƙulle su a jakunkuna biyu da nassin ya kira harit, ya aza wa barorinsa biyu. Me ya sa har mutum biyu? Talanti shekel 3,000 ne, wajen kilo 34, kashi biyu cikin uku na buhun siminti. Ba abin da za a soke a ƙugu a shige gida ba ne. Da suka iso tudu Gehazi ya karɓe ya sallami mutanen, ya ɓoye a ɗaki, ya je ya tsaya gaban ubangidansa kamar bai je ko'ina ba. Da kuturtar Na'aman ya fita daga wurin. Wannan kalma ta harit ta sake fitowa a Ishaya 3:22 cikin jerin kayan adon matan Urushalima, tare da rigunan biki da mayafai, alamar akwai ƙananan na kwalliya.

Da wannan a rai, a sake duba labarin Annabi Yusuf da 'yan'uwansa. Sun sayo hatsi a Masar, a zango ɗayansu ya buɗe taikinsa zai ba jakinsa abinci, sai ga azurfarsa a bakin taikin. Kalmar da aka sa wa taikin, amtahat, ba ta zo a ko'ina ba sai a wannan labari. Da suka isa gida suka zazzage, kowa ya ga ƙullinsa. Wani zai ce ai abin murna ne, ga hatsi ga kuɗi. Amma Farawa ya ce su da mahaifinsu cikinsu ya ɗuri ruwa. Ƙulli yana da mai shi. Ba sulalla ba ne da za su saje da na kowa, ƙyallensu ne, ɗaurinsu ne, kuma kamata ya yi a ce yana taskar Masar. Duk wanda ya gan shi a hannunsu sata zai ce. Shi ya sa da suka koma, tun a bakin ƙofa suka tari wakilin gidan da bayani, suka ce ga azurfarmu mun dawo da ita da cikakken nauyinta. Suratu Yusuf ta kawo wannan gaɓa, da ta ƙoƙon da aka sa a kayan ƙaninsu, inda aka fara binciken jakunkunansu kafin tasa. Farawa ya ce daga babba aka fara aka sauko zuwa ƙarami, mai sauraro na ƙirga taiki ɗaya bayan ɗaya, ya san inda abin yake.

Sai hujajjen ƙullin Annabi Haggai. Shekara ta biyu ce ta Sarki Dariyus na Farisa, 520 kafin Miladiyya. Mutane sun dawo daga bautar Babila, sun gyara gidajensu, Haikali na nan kango. Ya ce musu kun shuka da yawa kun girbe kaɗan, kuna ci ba ku ƙoshi, kuna sa tufafi ba ku jin ɗumi, ɗan ƙodago kuma yana karɓar ladansa yana zubawa a ƙulli mai huda. Sulai in ya faɗi yana ƙara, a waiwaya a ɗauka. Ɗan gutsuren azurfa ta ƙaramar kafa yake silalewa, ba amo ba labari, sai an zo kwancewa a ga wayam. Duk mai albashin da ya taɓa zama ranar goma ga wata yana tambayar kansa ina kuɗin suka shiga ya san wannan ciwo. Haggai ya ɗora fari da ƙuncin a kan watsi da aka yi da ɗakin Ubangiji, mutanen suka ji, aka kammala ginin a shekara ta shida ta Dariyus.

Karin Magana ya taɓo jaka a wasu wurare biyu a gurguje. 'Yan fashi na zawarcin saurayi suna cewa ya shigo cikinsu, jaka ɗaya za su yi gaba ɗaya. Wanda ya haɗa jaka da su kuwa ya haɗa alhakin jini. Wata matar aure kuma tana kwantar wa saurayi hankali cewa maigidan ya yi nisa, ya tafi da ƙullin azurfa, sai wata ya cika zai dawo. Girman ƙullin ne ya gaya mata tsawon tafiyar.

Inda zancen ya fi ratsa ni shi ne wajen makiyaya. Annabi Dawuda, yana saurayi, ya ƙi sulken Saul, ya gangara rafi a kwarin Ila ya zaɓi duwatsu biyar masu sulɓi, ya zuba a burgaminsa na kiwo, ya riƙi majajjawa ya tunkari Goliyat, Jalutu ke nan. Sunan burgamin yalƙut, daga aikatau mai ma'anar tsinta, sau ɗaya tak ya zo a littattafan, yau kuma shi ne sunan jakar 'yan makaranta a Ibranancin zamani. Bayan shekaru, 1 Sama'ila 25 ya nuna Dawuda yana gudun Saul a jeji. Wani attajiri mai suna Nabal, mai tumaki 3,000 da awaki 1,000, ya yi wa manzanninsa wulaƙanci, Dawuda ya taso da mutum 400 da takubba. Matar Nabal, Abigel, ta ɗora wa jakai gurasa 200 da tumaki biyar gyararru da sauran kayan ci, ta tare shi a hanya. Cikin maganarta ta ce, in wani ya tashi farautar ranka, ran ubangidana zai kasance a ƙulle cikin ƙullin rai wurin Ubangiji Allahnka, rayukan maƙiyanka kuwa zai wurga su kamar daga cikin majajjawa.

Matar nan ta san da wa take magana. Mutumin da sunansa ya fito ta dalilin burgami da majajjawa ta kawo wa misali da burgami da majajjawa. Dutse biyu daga hannu ɗaya, wani an adana, wani an wurga. A Ibrananci ma akwai wata kalmar tseror mai ma'anar tsakuwa, kunne zai ji su biyun tare. Abin da take nufi shi ne, tunda ranka a ajiye yake, ba ka da bukatar ɗaukar fansa da hannunka. Ya kuwa mayar da takobi kube.

Wasu masana sun haɗa wannan da wani abu da aka tono a Nuzi, kusa da Kirkuk a Iraƙi, na tsakiyar shekaru dubu na biyu kafin Miladiyya. Ɗan ƙunshin yumɓu ne mai kama da ƙwai, cikinsa tsakuwoyi kusan 50, a bayansa an rubuta adadin tumaki da raguna da awaki, ga hatimin makiyayi. Kowace tsakuwa dabba guda. Ranar da ya dawo da garke sai a fasa a gwada. In haka Abigel ke hangowa, to ƙullin rai lissafin Mai garke ne, wanda ke ciki an ƙirga shi kuma za a neme shi. Ita mai rai take wa addu'ar tsawon kwana, amma Yahudawan baya sun mayar da kalmarta addu'ar mamaci. Har yau a kan duwatsun kaburburansu ana sassaƙa haruffa biyar, taƙaicen "ransa ya kasance a ƙulle cikin ƙullin rai".

Abin da ke adana rai shi ke adana laifi. Annabi Ayuba, a 14:17, ya ce laifinsa na hatimce cikin ƙulli. Masu tafsiri sun rabu. Wasu sun ce ajiya ce ta ranar shari'a, suna kafa hujja da Yusha'u 13:12 inda aka ce an ƙulle muguntar Ifraimu an adana zunubinsa. Wasu sun ce rufewa ce ta gafara, domin ayoyin da suka gabata fata ne Ayuba ke yi, Allah ya kira shi ya amsa. Ni na fi karkata ga na biyu, amma ta wata fuska. Hatimtaccen ƙulli ba a ƙara masa komai. Mutumin da abokansa suka zauna suna ƙaro masa zargi kullum, samun wanda zai ce iyakarsa ke nan, an rufe, shi kansa sauƙi ne.

Babban firist ma jaka yake ɗauke da ita a ƙirji, ko da yake fassara kan ɓoye hakan. Fitowa 28 ya ce ƙyallen ƙirjin nan a ninka shi biyu, taƙi ɗaya tsawo taƙi ɗaya faɗi, a sa Urim da Tummin a cikinsa, abubuwan da ake neman hukuncin Allah da su. A bayansa duwatsu masu daraja 12, kowanne da sunan kabila guda, don ya ɗauki sunayensu a kan zuciyarsa in zai shiga wuri mai tsarki.

Zuwa zamanin Annabi Isa sulalla sun cika gari, na Rum da na Taya da na sarakunan gida, ana cusa su a ɗamara irin lalitar fatakenmu. Linjila ta ce da ya aiki almajiransa ya hana su kuɗi a ɗamara da jakar guzuri, su dogara ga Allah da karamcin inda suka sauka. Mishna ma ta hana hawa dutsen Haikali da sanda ko takalmi ko lalita. A daren ƙarshe, a ruwayar Luka, ya ce musu yanzu mai jaka ya ɗauka, domin lokaci ya juya. Ma'ajin almajiran Yahuza Iskariyoti ne, kuma abin da yake riƙewa ba jaka ba ce ainihi. Kalmar Girkancin, gilosokomon, asalinta ɗan akwatin da masu busa ke adana bakin sarewa. Da ita aka fassara akwatin Sarki Yowash a Girkancin littafin Tarihi. Wancan mutum biyu ke buɗe shi, wannan mutum ɗaya, Linjilar Yahaya kuma ta ce yana ɗiba. Rabbi Ilai, a Talmud, kundin koyarwar malaman Yahudawa, ya ce da abu uku ake gane mutum, kos da kis da ka'as: ƙoƙon shansa, jakarsa, da fushinsa.

Fata da ƙyalle ruɓewa suke, shi ya sa yawancin jakunkunan nan sunansu kawai ya iso mu. Amma bushewar hamadar Yahudiya ta adana guda. A 1961 ayarin Yigael Yadin, masanin haƙar kayan tarihi, na bincike a wani kogo a kwazazzabon Nahal Heber, yamma da Tekun Gishiri, kusa da En-gedi, inda mutane suka ɓuya lokacin tawayen Bar Kokba, wanda Yahudawa suka yi wa Rum, da ya ɓarke a 132 Miladiyya, sojojin Rum kuma suka kafa sansani a saman dutsen. A wata tsaga da aka toshe da duwatsu suka sami jakar fata, cikinta takardu 35 na wata mata mai suna Babata, 'yar ƙauyen Mahoza a kudancin tekun. Sau biyu miji na mutu mata. Akwai takardar aurenta na biyu, da rajistar gonakinta na dabino ta shekarar 127, da shaidar dinari 300 da ta ranta wa mijinta, da ƙarar da ta kai waliyyan ɗanta maraya don dinari biyu kacal suke ba shi a wata, da shari'arta da kishiyarta Maryamu kan kayan mamaci. Ɗaya daga cikin takardun ta ce wani ne ya sa hannu a madadinta don ba ta san rubutu ba. Duk da haka ta kasa su kashi-kashi, kowace magana da ƙullinta, ta naɗe ta ɗaure da zare. Kusa da jakar akwai takalma da curin zare da wuƙaƙe da lauje da mabuɗi. An jera su, an mayar da duwatsu an toshe bakin tsagar, a haka suka zauna shekara fiye da 1,800.